Biyu Bisa Ashirin

"Binta! Ke Binta! Zo ki ga ɗiyar nan taki, ta shanye mini hura ta cika ƙwaryar da ruwa!"

Inna Binta ta yar da rariyar da ke hannunta, ta nufi ɗaki tana cewa, "Na'am Inna, ga ni nan." Sai da ta kai bakin ƙofa ta tuna ta baro tsohuwar a gindin bedi tana gyangyaɗi. Ta waiga. Ga Kaka Dija can, carbi a hannu, baki buɗe, ko motsi ba ta yi. Daga cikin ɗaki kuwa sai dariya ta ɓarke.

"Allah Ya shirye ki! Malamar lakol guda, mai koyar da ƴaƴan mutane, kina abu kamar ƴar yaye?"

Saliha ta fito tana riƙe ciki. Haka take tun tana ƙarama, ba muryar da za ta ji sau biyu ba ta ɗauke ta ba. Ta iya tarin maigari, ta iya tafiyar diraktan lakol ɗinsu na Gangara in sabon takalmi ya matse shi, ta iya kukan akuyar gidansu har akuyar ta amsa. A duk ƙauyen Gidan Auta ba wanda ya tsira daga bakinta, kuma ba wanda ya iya yin fushi da ita ya kwana da shi. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinta, dariyarta ce ke riƙe da gidan.

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Kaka Dija ta buɗe ido ɗaya.

"Ga mijina nan ya zo. Ki ce mishi in bai kawo mini goro ba ya koma."

Muzammil ne, ɗan Alhaji Inusa mai hatsi na Gazawa. A nan Gidan Auta aka haife shi, amma tun yana da shekara shida suka tashi, Allah Ya buɗa wa iyayensa. Yanzu yana aiki da wani furoje, irin na ƙungiyoyin agaji, yana yawo gida-gida da ƴar na'urarsa mai allo yana yi wa mutane tambayoyi, aikin da suke kira anket. Wurin wannan yawon ya ga Saliha a bakin aji tana kwaikwayon yadda yake gyara tabarau, ita kuwa ba ta san yana bayanta ba. Tun ranar bai ƙara samun sukuni ba. An kai gaisuwa, saura sa rana in an kai amfanin gona gida.

Suka zauna a kan tabarma a inuwar zaure, rana ta yi sanyi.

"Yau aiki zan yi da ke," in ji shi, yana kunna na'urar. "An ba mu sabbin tambayoyi, guda ashirin. Ana auna irin gatan da mutum ya tashi a ciki. Kowace 'i' maki ɗaya. Ina so in gwada kafin in fita da su."

"To mushe malam, ɗalibarka ta shirya."

"Bon. Lokacin da kina da shekara goma, rufin ɗakinku na kwano ne?"

"Na ciyawa. In an yi ruwa wanka kyauta."

"Kina da takalmin zuwa lakol?"

"Silifa ɗaya, ni da Inna. In ta tahi kasuwa da ita, ni in tahi da waɗanda Allah Ya yi mini."

"Sau nawa a wata kuke cin shinkafa?"

"A wata? Kai, wanda ya rubuta tambayar nan bai taɓa zuwa Gidan Auta ba! Rubuta ranar Salla."

Haka suka bi su, amalanke babu, fitilar lantarki babu, wanda ya iya karatun boko a gida babu, katifa babu. Da aka zo kan rediyo ta yi tsalle. "Akwai! Batir ne dai babu, amma rubuta akwai!" Akuya ma akwai. Suna dariya har Muzammil na share ƙwalla da gefen rigarsa.

"Ta ƙarshe. An taɓa kai ki gidan likita saboda tamowa kina ƙarama? Wannan in kin ce a'a ne ake ba da maki."

Dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila. Saliha ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

"Wannan ba ta wasa ba ce, Muzammil. Shekarar da fara ta cinye gonaki, aka shiga yunwar dubu biyu da biyar, ban kai shekara biyu ba. An ce akwai wata ƴar igiyar roba mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a damtse. In ta tsaya a tsanwa lafiya lau, in a rawaya da saura, in a ja sai addu'a. Ni a ja ta tsaya. Kaka ta ce damtsena bai fi babban yatsanta ba." Ta ɗago ido. "Ko ƙawayena ban taɓa faɗa wa ba. Amana ce na ba ka."

"Haba Saliha. Wallahi daga ni sai ke."

Ya danna na'urar, lissafi ya fito. Biyu bisa ashirin. Ya ce shi da ya gwada kansa da safe ya samu sha bakwai.

"Biyu!" Ta dafe ƙirji, dariyar ta dawo. "Ko daƙiƙin ajina bai taɓa cin biyu bisa ashirin ba!"

Mako uku bayan haka aka yi suna a gidan Alhaji Inusa, matar ƙanensa ta haihu. Nasira, ƙanwar Muzammil mai koyon ɗinki, ita ta kira Saliha a waya ta ce lallai ta zo, dangi na son ganin amaryarsu. Saliha ta sa atamfarta mafi kyau, Inna Binta ta ƙulla mata turmin zane da sabulu na barka, ta hau kabu-kabu sai Gazawa.

Tsakar gidan cike da mata, kowa da gwal ɗinta. A kan kujera, kusa da fanka, Hajiya Latifa ce zaune, mahaifiyar Muzammil, mace mai jiki da murya ƙasa-ƙasa wadda in ta yi magana kowa ke shiru. Tun da aka fara maganar auren nan ba ta taɓa yi wa Saliha dariya ba. Saliha ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta amsa da "lahiya" ɗaya, ta kau da kai.

Aka kawo shinkafa da nama. Saliha ta kai loma biyu ke nan, sai ta ji Nasira daga bayanta.

"Jama'a ku matsa, ga Biyu-bisa-ashirin ta iso!"

Ƴan matan suka kwashe da dariya, irin ta waɗanda suka riga suka san labari. Kafin Saliha ta gane abin da ke faruwa, Nasira ta zaro metir ɗin awo daga jakarta, ta kama hannunta ta naɗa mata shi a damtse.

"Ku tsaya in duba... Alhamdu lillahi! Ta fita daga ja! Yanzu tana rawaya, in ta shigo gidanmu ta ci shinkafa wata uku sai ta kai tsanwa!"

Wata ta faɗi a kan ƴar'uwarta don dariya. Wata ta ce, "Wai silifa ɗaya ita da uwarta!" Wata ta ce, "Rediyo ba batir!" Duk maganar da ta yi a inuwar zaure, ga ta nan ana jefa ta daga baki zuwa baki kamar ƙwallo.

Hajiya Latifa ta ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ku bar yarinya ta ci abinci. Ku ƙara mata ma, abin da ba a samu da ƙuruciya ba sai a rama da girma." Ta gyara gyalenta. "Ni dai abin da nake tsoro, jikin da yunwa ta taɓa shiga ba ya komawa daidai. Ba na son a cika mini gida da jikoki kamar ƴan tsaki. Mu ba mu san wannan ba a gidanmu."

A daidai lokacin Muzammil ya shigo ɗauke da akwatin lemo. Ya ji komai, fuskarsa ta nuna. Saliha ta dube shi, metir ɗin na rataye a hannunta. Kalma ɗaya take jira, ko da "Nasira, bari" ce. Ya dube ta, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi takalminsa. Ya ajiye akwatin a hankali kamar mai tsoron kwalabe su yi ƙara, ya juya ya fita.

Saliha ta kwance metir ɗin, ta naɗe shi tsaf, ta miƙa wa Nasira. Ta rufe kwanon abincin.

"Na gode, Hajiya. Allah Ya raya jariri."

Ba ta yi kuka ba sai da mashin ya bar kwalta ya shiga yashi. Daga nan har Gidan Auta mai kabu-kabu bai ji komai ba sai shessheka a bayansa.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Saliha, fardon, don Allah ki saurare ni. Wasa ne kawai Nasira—"

"Wa ya ba ta abin wasan?"

"Ni... hira muke, na faɗa musu ne don su ji tausayinki, su san irin ƙoƙarin da kika yi."

"Tausayi! Na ce maka ina bara ne? Da kana ba su labarin, ka yi dariya ko ba ka yi ba?"

Ya hau kame-kame, ta katse shi.

"Ka rantse mini da Allah, Muzammil. Ka ce daga kai sai ni. Yau na ga 'daga ni sai ke' ɗinka, mata arba'in ne da metir."

"Hajiya ce fa, ya kike so in yi a gaban mutane?"

Ta kashe wayar. Kwana biyu bayan haka saƙo ya iso wurin baffanta daga Gazawa: a dakata da maganar sa rana, Hajiya na da sauran shawara.

Gidan ya mutu. Saliha ta je lakol ta dawo, ta ci abin da ta ci, ta shige ɗaki. Ba tarin maigari, ba tafiyar dirakta. Rannan Kaka Dija ta kasa daurewa.

"Yanzu akuyar gidan ga ta fi ki magana. Binta, ɗauko mini kwallata ta ƙasa."

Inna Binta ta tsaya cak. "Inna, na yi alkawari."

"Ke kika yi, ni ban yi ba! Shekara ashirin ina riƙe da bakina kamar mai ciwon haƙori. Ɗauko!"

A ƙasan kwallar, cikin wata tsohuwar leda, akwai wani kati da ya yi ja don daɗewa. Kaka ta miƙa wa Saliha. "Ke ce mai boko. Karanta."

Rubutun Faransanci ne. Sunan yarinya: Saliha. Gari: Gidan Auta. Awon damtse, da jan biro. Sunan uwa...

Ta kai katin kusa da ido. Ta sake karantawa.

"Latifa? Kaka, an yi kuskure. Nan an rubuta Latifa."

"Ba kuskure. Zauna."

Kaka Dija ta ba ta labarin tiryan-tiryan. A waccan shekarar katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Latifa. Mazan duka sun tafi ci-rani Najeriya, ba labari. Tiyar hatsi ta fi ƙarfin kowa, ana cin ƴaƴan anza masu ɗaci da ganyen tafasa. Binta na ɗauke da wani cikin, wanda bai zo da rai ba, ga zazzaɓi, ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa. Ita Kaka ƙafa ta kumbura. A can wajen Gazawa aka buɗe wurin da ake karɓar yara masu tamowa, kuma duk uwar da ɗanta ya faɗa a ja, ban da abincin yaron, ana ba ta hatsi da wake da mai na gida. Latifa ta kai Muzammil, igiya ta tsaya a tsanwa, aka sallamo ta hannu wofi. Ta dawo ta zauna a tsakar gidan nan ta yi kuka, don kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba.

"Sai ta dube ki kwance kamar ƙadangare, ta ce, 'Binta, ara mini ɗiyar nan. In ce tawa ce. Ita ta samu magani, mu kuma mu raba abin da aka ba ni.' Haka aka yi. Da rabonta ta ciyar da ɗanta, da sauran wake da mai ta fara tuyar ƙosai a bakin hanya. Daga kaskon nan ne duk gwal ɗin da kika gani ya hito."

Saliha ta zaro ido. "Kaka! Ba dai ta ba ni nono ba?"

"Kwantar da hankalinki, an riga an yaye ki, ita ma nata ya daɗe da ƙafewa. Da ta ba ki, da tuni na kore Muzammil da muciya. Shi dai abin da na sani, in kin gama shan gyaɗar nan mai zaƙi ta cikin leda da likita ke ba ki, shi ke lashe ledar. Sha bakwai bisa ashirin!" Ta yi tsaki.

"Amma ya aka yi ba wanda ya taɓa faɗa?"

"Shekara ce da kowa ke da abin kunyarsa. Wa zai tona na wani?"

Saliha ta miƙe. Wani abu ya dawo idonta wanda ya kwana goma sha biyar ba a gani ba. Ta ɗauki matashi ta goya da zane, ta turo ciki, ta saukar da murya ƙasa-ƙasa, ta gyara gyalen da babu.

"Likita, ɗiyata ce. Wallahi ni na haife ta. Mu ba mu san wannan ba a gidanmu, amma a ƙara mini wake!"

Kaka Dija ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa. "Ita ce! Wallahi ita ce, har hancin!"

"Juma'a mai zuwa bikin Nasira," in ji Saliha da muryarta, tana huci. "Duk matan da suka yi mini dariya za su zo. Zan shiga da katin nan da goyon nan. In ban sa Gazawa ta shekara tana maganar ba, ba sunana Saliha ba."

Inna Binta ba ta yi dariya ba. Ta jira suka gama, sannan ta ce, "Kwance matashin nan ki zauna, ke."

Ta zauna.

"Kakarki ta ba ki rabin labari, rabin da ke mata daɗi. Daga nan zuwa wurin nan tahiyar awa uku ce a yashi. Mako tara matar nan ta yi tana zuwa tana dawowa da ke a baya, ba takalmi, cikinta ba komai. Ta iya karɓo hatsi ta sayar da abincinki, wasu sun yi. Ko leda ɗaya ba ta taɓa rage miki ba. Ni da na haife ki ban iya ɗaga ki ba. In yau kina da bakin kwaikwayon mutane, ƙafafunta ne suka kai ki inda aka ceto shi. Da za su tashi ta roƙe ni in rufa mata asiri, na ce na rufa. Abin da ta yi miki ranar suna zalunci ne, ban ce ba zalunci ba ne. Amma in kin tsaya gaban mata kika yi mata abin da aka yi miki, to ki faɗa mini bambancinki da Nasira."

Saliha ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun a kan mashin. Kaka ta yi gunaguni ta juya baya.

Ranar Laraba da hantsi Saliha ta yi sallama a falon Hajiya Latifa. Ita kaɗai ce, tana duba kayan ɗakin amarya. Ta ga mai shigowa, fuskarta ta ɗaure.

"In wurin yaron nan kika zo, na riga na yi magana."

"Wurinki na zo, Hajiya. Kayanki na kawo miki."

Ta durƙusa ta ajiye katin a kan gwiwarta. Hajiya ba ta iya karatu ba, amma ba ta buƙata. Tun kafin ta taɓa shi ta gane shi.

"To. Binta ta tona ni ke nan. Mi kike so? Aure? Ko so kike ki kunyata ni?"

"Inna ba ta tona ki ba, Kaka ce, kuma sai da aka kai ta bango. Da kunyata ki nake so, jibi zan zo, ba yau ba. Na iya muryarki, Hajiya, har kin fi ni mamaki in kin ji. Na yi niyya ma. Inna ta hana ni, ta ce in zo in gaishe da ƙafafun da suka yi mako tara a yashi." Ta nuna gwiwar Hajiya. "Ga katin, ba mu da wani. Ki ƙona in kin so. Na gode da goyo. Auren kuma na bar muku."

Ta yunƙura za ta tashi, Hajiya ta cafke damtsenta, daidai inda Nasira ta naɗa metir. Ta riƙe, tana dubansa kamar ba ta taɓa ganin hannu ba.

"Mako na uku," ta ce, muryar nan mai sa mata shiru ta karye, "muna tsakiyar hanya na ji kin saki jiki a bayana. Na kira ki, shiru. Na kwance ki na ga ido ya kafe. Na ruga da gudu, ƙaya na shiga ƙafata ina cewa, ya Allah kar Ka kashe ɗiyar mutane a hannuna. Da likita ta ce kina numfashi, a gabanta na faɗi." Hawaye suka zubo. "Shekara ashirin ina gaya wa matan garin ga mu ba mu san yunwa ba. Har ƴaƴana na gaya wa, har na fara yarda da kaina. Ranar da yaron nan ya ce ɗiyar Binta yake so, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ba ke nake ƙi ba, ɗiyata. Matar nan mai faso a ƙafa nake ƙi, kuma duk na gan ki ita nake gani."

Labule ya motsa. Muzammil ne tsaye, ba a san tun yaushe ba.

"Shigo, Ɗan Alhaji," in ji Hajiya, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Ka tuna gyaɗar nan mai zaƙi da kake cewa babanka ya aiko maka daga Kano? Ragowar tata ce kake lasa. Da siririn hannun nan aka ciyar da kai. Je ka rubuta wannan a na'urarka."

Saliha ta fita. Ya biyo ta har ƙofar gida.

"Saliha, don girman Allah..."

Ta juyo. "Hajiya tana da dalilinta, tsoro ne. Nasira yarinta ce. Kai mene ne naka? Biyun da na ci ba ni na zaɓa ba, sha bakwai ɗinka ma ba kai ka nema ba, a ciki aka haife mu. Amma amanar da na ba ka, da shirun da ka yi ranar suna, wannan jarrabawarka ce kai kaɗai. Nawa ka ci?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tare kabu-kabu ta tafi.

Ranar Juma'a mota ta tsaya a ƙofar gidansu, Hajiya ta aiko a ɗauko su su uku. Saliha ta ce ba inda za ta. Inna Binta ta ce mata sai ta je, haka kuwa su ukun suka tafi.

A tsakar gidan nan dai, gaban matan nan dai, Hajiya Latifa ta sa aka kashe kiɗa. Ta kamo hannun Binta ta zaunar da ita a kan kujerarta, ita ta tsaya. Ta ɗaga katin sama, ta ba da labarin tun daga katanga har kaskon ƙosai, ba ta rage komai ba. Sai wata tsohuwa mai gwal har gwiwar hannu ta ce a hankali, "Ni ma na ci anza shekarar." Wata ta ce, "Ni ɗana a rawaya ya tsaya." Kafin a jima rabin gidan na share ido. Nasira, da lallenta da komai, ta rarrafo ta kifa kai a cinyar Saliha tana ba da haƙuri.

Sannan aka ga abin da ba a saba gani ba, namiji a tsakiyar taron mata. Muzammil ya cire hula ya durƙusa gaban Inna Binta da Kaka Dija.

"A nan na yi shiru, shi ya sa na zo in yi magana a nan. Ni na fitar da amanar da ta ba ni, na yi dariya da ita, aka wulaƙanta ta ina tsaye. Ba Nasira ba ce, ni ne. Ku roƙa mini ita."

"Sihiri bisa ashirin!" in ji Kaka Dija da ƙarfi. "Kuma ka zo ba goro!"

Dariya ta ɓarke, har Saliha sai da ta rufe baki da gyale. Amma ba ta yafe a ranar ba. Wata biyu cur ta bar shi yana zuwa inuwar zaure yana komawa da gaisuwa kawai, sai da ta ga ya koyi riƙe magana, ya kuma koyi buɗe baki inda ya kamata. Bayan an ɗaure dammunan gero aka ɗaura aure, Hajiya Latifa da kanta ta riƙo hannun amarya ta shigar da ita ɗaki.

Ƴan'uwana mata da maza, kwano da katifa da shinkafar da mutum ya tashi a ciki ba aikinsa ba ne, rabo ne, kuma mai sha bakwai bai san hannun wa aka auna aka ciyar da shi ba. Abin da ake tambayar mutum shi ne abin da ya yi da amana, da abin da ya yi ranar da ya samu damar ramawa. Saliha ta samu dama a hannunta ta ajiye, Allah Ya ba ta abin da ramuwa ba za ta ba ta ba.

Katin da Hajiya ta mayar wa Saliha yana nan a ɗakinta, an sa shi a gilashi. Rannan da safe Muzammil na shan koko, sai ya ji muryar nan ƙasa-ƙasa daga tsakar gida.

"Ɗan Alhaji! Wa ya ce ka sha kafin ɗiyata ta sha?"

Ya dire kofin ya miƙe zumbur, har koko ya zube masa a riga. "Na'am Hajiya! Wallahi na rage mata!"

Ya leƙa. Ba kowa a tsakar gidan sai Saliha, tana shanya, kafaɗunta na rawa don dariya.